Ruwa na cin Yagwa, rediyo na gardamar ƙwallo: laifin wa ne?

Mai Gyaran Rediyo (Garwa) ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure.

Ni sana'ata gyaran rediyo, a nan kasuwar Garwa da ke arewacin Kamaru, a rumfar da na gada wurin mahaifina, Allah ya jiƙansa. Shekarata 31 a kan bencin nan. Wanda ya san aikinmu ya san rediyo ba ta yin shiru a rumfar mai gyara. In ka ɗaura waya ka narka dalma, dole ka murɗa ka ji ko ta kama tasha, FM da gajeren zango duka. Don haka tun daga hantsi har la'asar sakaliya labarai nake sha, da Hausa, da Fulatanci, da Faransanci. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce mini ai an faɗa, kai ne ba ka saurara ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ya faro ne tun damunar 2024. Ƙanwata, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a Yagwa, can lardin Arewa Mai Nisa. Mijinta manomin shinkafa ne. Wajen ƙarshen watan Agusta ta kira ni da tsakar dare, ina jiyo kukan yara a bayanta, ta ce: "Yaya, ruwa ya kai gwiwa a tsakar gida, katangar baya ta zauna, shansherar da muka ajiye duk ta jiƙe." Ban gama tambayarta inda za su nufa ba waya ta yanke. Kwana uku ina kira ba ta shiga.

Kwana ukun nan ban yi aikin kirki ba. Rediyo uku na jera a kan benci, kowace da tasharta, ga kuma talabijin ɗin maƙwabcina mai sayar da batir. Abin da nake nema bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba: waɗanne unguwanni ruwa ya ci, a ina aka tsugunar da mutane, hanya tana biyuwa ko ta yanke, jingar bakin kogin Logon da madatsar Maga suna riƙe ko sun fara tsaga. Ita madatsar Maga, wadda aka yi a 1979 domin noman shinkafa, tudun ƙasa ne mai tsawon kilomita 27, kuma duk wanda ke da ɗan uwa a ƙasanta ba ya barci da idanu biyu in Agusta ta kama.

Me na tarar? Gardamar inda za a buga wasan Kamaru da Namibiya, Garwa ko Yawunde. Hukumar ƙwallo ta ja nan, ma'aikatar wasanni ta ja can. Dama tun watan Afrilu da aka naɗa koci Marc Brys ake wannan ja-in-ja, ga kuma bidiyon cacar bakinsa da shugaban hukumar ƙwallon, Samuel Eto'o, da ya fita a watan Mayu, wanda aka yi ta maimaita mana har yaran unguwa suka haddace. Ran Lahadi manyan mutane masu digiri, da kwat da nakatayel, su zauna awa biyu cur suna tsefe wa ya fi wani iko a kan tawagar ƙasa. Ambaliya kuwa sai can ƙarshen labarai, dab da hasashen yanayi, a ce "ruwan sama ya yi ɓarna a wasu sassan Arewa Mai Nisa, hukumomi na ɗaukar matakai." Shi ke nan. Ba sunan unguwa, ba sunan makarantar da mutane suka fake.

Daga ƙarshe wasan a nan Garwa aka yi shi, ran 7 ga Satumba a filin Roumdé Adjia, Vincent Aboubakar ya ci ƙwallo ɗaya. Yaron garinmu ne, kuma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma ina tafi ne zuciyata na Yagwa. Bayan 'yan kwanaki gadar cikin garin Yagwa ta karye. To nan fa aka ɗan waiwayo mu, domin hoton gada a karye yana ɗaukar ido. Kwana biyu ana nunawa, sai ɗif. Daga baya Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum sama da 400,000 ambaliyar shekarar ta shafa a Arewa Mai Nisa kaɗai. Mutum 400,000! Da a Duwala ne ruwa ya kori ko kashi ɗaya cikin goma na wannan, na tabbata da an dakatar da kiɗa.

Labarin ƙanwata a bakin wani direban motar haya na ji shi, a tasha, rana ta huɗu. Ya ce ya ga mijinta a wata makarantar firamare yana shanya tabarma. Direba ne ya yi mini aikin da gidajen rediyo da talabijin suka kasa.

Kuma ba ambaliya kaɗai ba ce. Makiyaya a wajen Tuboro da Mayo Rai suna sayar da garke don fanso 'ya'yansu daga hannun masu garkuwa. Wuta takan tafi ta bar mu a tsakiyar zafin Afrilu in ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu lantarki ya ja baya, ni kaina ƙarfen narka dalmata sai in ɗora shi a garwashi kamar zamanin mahaifina. Yara su kai aji shida a hana su jarrabawa saboda ba su da takardar haihuwa. A watan Yuni na 2025 ƙungiyar agajin 'yan gudun hijira ta Norway ta sa Kamaru a kan gaba cikin jerin ƙasashen da duniya ta fi yin watsi da 'yan gudun hijirarsu, kuma ɗaya daga ma'aunanta shi ne ƙarancin labarai. Wannan rahoto ma da kansa, wucewa ya yi kamar iska.

Tambayata ga waɗanda suka san aikin jarida daga ciki: me ya sa haka? Ba su sani ba ne, ko tsoro ne, ko mu ne ba mu kai a ba da labarinmu ba? Sannan in mutum irina yana da labari a hannu, ta wace ƙofa zai bi a ɗauka? Damina ta sake kamawa, ƙanwata kuma tana nan inda take.

Tsohon Wakili (Marwa) ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kiyaye gaba, ya mayar wa ƙanwarka da alheri.

Na yi shekara tara ina aika wa wata jarida ta kudu rahoto daga nan Marwa, kafin in ajiye in koma koyarwa. Ba zan kare abokan aikina a kan komai ba, amma bari in buɗe maka cikin tukunyar.

Ka fara da kuɗi. Ni ba albashi ake biyana ba, kan kowane rahoto da aka buga ake ba ni, shi ma sai an ga dama, wani lokaci bayan wata uku. Ka ɗauka ina so in je Yagwa da damina. Kuɗin mota zuwa da dawowa, kwana biyu a masauki, ɗan acaɓa, mai kwale-kwale da zai shiga da ni unguwannin da ruwa ya ci, ga katin waya don aika hotuna. Kafin in dawo na kashe ninkin abin da za a ba ni sau uku, daga aljihuna. Shi kuwa shirin gardamar ƙwallo me yake ci? Kujeru huɗu da makirufo. Baƙin da kansu suke zuwa, har roƙo suke a gayyace su. Mai gidan rediyo ɗan kasuwa ne, ya ga hajar da ba ya sayenta amma tana kawo masa talla.

Sai kuma abin da a cikin aikin muke kira "gombo", watau kuɓewa. Ambulan ne da ake miƙa wa ɗan jarida bayan taro da sunan kuɗin mota. Wa ke ba da gombo? Mai bikin naɗi, mai buɗe sabon shago, ɗan siyasar da ya kawo buhu hamsin na shinkafa yana so a ɗauke shi hoto yana miƙawa. Matar da ruwa ya cinye wa ɗaki ba ta da ambulan. Shi ya sa za ka lura ambaliya ba ta zama labari ranar da ta zo, sai ranar da babban mutum ya zo jaje. Kyamara tana bin motarsa ne, in ya juya ta juya. Na karɓi gombo a zamanina, kuma har yau abin yana damuna.

Na uku shi ne tsoro, kuma ba tsoron banza ba ne. Kai da kake sauraron gajeren zango ka san sunan Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI. A nan Marwa aka kama shi a ƙarshen watan Yuli na 2015. Kotun soja ta yanke masa shekara 10 a watan Afrilun 2017 a ƙarƙashin dokar yaƙi da ta'addanci ta 2014, sai da aka ɗaukaka ƙara aka rage, ya fito a Disambar 2017 bayan ya shafe sama da shekara biyu a tsare. Duk wanda ke riƙe da rikoda a lardin nan ya karanci wannan darasi ba tare da an koya masa ba. Daga lokacin, in an kai hari a Kolofata ko Fotokol ko wajen Mozogo, da yawanmu sai mu jira sanarwar hukuma mu kwafa. Ka ƙara da abin da ya sami ɗan jarida Martinez Zogo a Yawunde a watan Janairun 2023, wanda aka sace aka tsinci gawarsa bayan kwana biyar. Ɗan jarida yana da mata da 'ya'ya. Ba a taɓa ɗaure mutum don ya soki mai tsaron gida ba.

Akwai kuma nisa, ba na kilomita kawai ba. Editana bai taɓa haye Gaundare ya shigo nan arewa ba. A wurinsa arewa abu uku ce: Boko Haram, zafi, da shanu. Na taɓa aika masa rahoton da na yi mako biyu ina haɗawa a kan giwaye da ke fitowa daga daji suna tattake gonakin masakwa a wajen Kalfu, da sunayen ƙauyuka da adadin kadada a bakin lawanai, watau dagatan ƙauyukan. Ya kira ni ya ce: "An mutu?" Na ce a'a, amma abincin shekara ya tafi. Ya ce in jira a mutu. Wannan kalma tana cikin abin da ya sa na bar aikin.

Duk da haka kada a yi wa kowa kuɗin goro. Jaridar L'Oeil du Sahel ta daɗe tana bin lamuran lardunan arewa uku, kuma akwai ƙananan gidajen rediyo na al'umma da yara ke aiki kusan kyauta, su ne ma suka fi faɗin sunan unguwa da na makaranta. Matsalarsu muryarsu ba ta wuce 'yan kilomitoci, jaridar kuma da Faransanci take.

Game da ƙofar da za ka bi: kada ka kira ka ce "ruwa ya yi ɓarna". Ka ba da sunan wuri, da rana, da adadin gidajen da wani ya ƙirga da idonsa, da mutum biyu da suka yarda a ji muryarsu. Ka kuma nemi wakilin da ke kusa, ba babban ofis ba. Wakili yana son labari, kuɗin zuwa ne ba shi da shi. In ka rage masa rabin hanya, sau da yawa zai ƙarasa.

Maman Tagwaye (Kusiri) ta amsa:

Malam mai rediyo, sannu da jimami. Karanta saƙonka ya tayar mini da abin da na daɗe ina dannewa.

Mu namu a watan Disamba na 2021 ya same mu. Faɗa ya tashi a wajen Logon Birni tsakanin Larabawan Shuwa makiyaya da Musgum masunta da manoma. Ran 8 ga wata ya shigo cikin Kusiri, aka ƙone kasuwar shanu. Ni da tagwayena, lokacin suna wata bakwai, ɗaya a baya ɗaya a kafaɗa, muka bi ayarin mata muka haye Njamena. Mai gidana bai san inda muke ba sai washegari. An ce ƙauyuka 112 aka ƙone, mutum 44 suka mutu, dubban mutane kuma suka tsallaka Chadi.

In faɗi gaskiya, makon farko an ba da labari, har gidajen rediyon waje sun yi. Amma me aka ce? "Rikicin ƙabilanci." Kalma biyu, an rufe littafi. Alhali kowa a nan ya san kan ruwa ne. Ruwa ya ragu, masunta suna haƙa manyan ramuka don su tare ruwa da kifi in ambaliya ta janye, shanu su zo sha su zurma ciki su karye ko su mutu. Tun a watan Agustan shekarar an yi irin wannan faɗa an rasa rayuka. Wata huɗu tsakani. Wa ya zo ya zauna da masunta da makiyaya ya tambaye su yadda za a raba ruwan? Wa ya sa sarakuna a rediyo suka yi wa mutane bayani? In kunne ya ji, jiki ya tsira, amma kunnen bai ji komai ba.

Wata ɗaya bayan haka, ran 9 ga Janairu 2022, aka buɗe gasar cin kofin Afirka. 'Yan jarida suka cika Garwa maƙil saboda Najeriya da Masar a can suke wasa. Lokacin ƙanwar mijina tana cikin tanti a sansani a Chadi da yara biyar. Ni dai ban ga ko mutum ɗaya da kyamara ya ƙaraso wajenmu ba.

Sai dai Malam, akwai inda zan juya yatsa ya nuna mu. Muna da zauren WhatsApp na matan unguwa, mu kusan tamanin. Ranar da aka ce auren wata 'yar fim ya mutu, wayata har zafi ta yi, saƙo ya fi ɗari biyu kafin magariba, kowa da fatawarta. Makon da amai da gudawa ya ɓulla, wata ma'aikaciyar asibiti a cikinmu ta yi saƙon murya ta bayyana yadda ake sa maganin tsabtace ruwa a randa da yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari. Mutum uku suka amsa, ni ce ta ukun. Na yi kuka a ranar, wallahi, domin ɗan maƙwabciyata na kwance. In mu da kanmu haka muke, ina bakin da za mu zagi na Duwala?

Ɗalibi a Njamena ya amsa:

Baba mai rediyo, Allah ya ƙara girma. Ina neman afuwa, akwai inda ban bi ka ba.

Ƙwallo ba shirme ba ce. Ranar wasan nan da ka ambata, mai tsire da mai ruwan sanyi da ɗan acaɓa a Garwa duk sun kai wani abu gida. Mutumin da ya wuni cikin talauci kuma yana da haƙƙin ya huta da wani abu da dare. Abin da ya ɓaci shi ne awa biyu ga wannan, minti ɗaya ga wancan.

Na biyu, labarin yana nan, ba a rasa shi ba. A damunar 2024 mu ma a Chadi ruwa ya shafi dukkan larduna 23, mutum kusan miliyan 2, sama da 500 suka rasu. Kogin Shari a nan Njamena ya haura mita 8, muna ɗaliban unguwa muna cika buhuna da ƙasa da dare. Duk waɗannan alƙaluma ofishin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya yana wallafa su a intanet, gunduma gunduma, har da taswira da wuraren da aka tsugunar da mutane. Irin abin da ka kwana uku kana nema, Baba. Amma da Faransanci ko Turanci yake, cikin dogayen takardu da wayar talaka ba ta buɗewa sai ta cinye masa kati. An rubuta shi ne don masu ba da tallafi a Turai, ba don wanda ruwa ke tsakar gidansa ba.

Ga shi kuma tashoshin Hausa raguwa suke. Muryar Amurka ta yi shiru a watan Maris na 2025. Waɗanda suka rage, yawancin masu sauraronsu a Najeriya da Nijar suke, to dole labarin can ya rinjaya. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri ran 10 ga Satumba 2024, an yi aiki sosai, kuma ya cancanta. Amma a makon ne Yagwa ke cikin ruwa.

Hajiya Maman Tagwaye, game da wayarki: Facebook da TikTok suna lura da abin da kika tsaya kika kalla, sai su ƙaro miki irinsa. Gidajen jarida kuma yanzu da wannan ma'auni suke gane abin da "jama'a ke so". Kowane dannawa ƙuri'a ce.

Ni abin da zan iya: ina jin Faransanci. In ana so, duk mako zan karanta rahoton in mayar da shi saƙon murya na minti uku da Hausa.

Direban Tirela ya amsa:

Ni ba mai dogon rubutu ba ne. Shekara 14 ina ɗaukar kaya daga Gaundare zuwa Njamena. Daga Mora zuwa Dabanga zuwa Kusiri kimanin kilomita 200 ne, amma da damina na taɓa kwana huɗu a ciki, tirela ta nutse har gindi, muna sayen ruwan sha a jarka. Da aka sace 'yan China 10 masu aikin hanyar a Waza a 2014 duk duniya ta ji. Mu da muke kwana a laka da albasar mutane tana ruɓewa a baya, ba wanda ya taɓa miƙo mana makirufo. Malam, gaskiyarka, mu ne rediyon hanyar nan. Duk wanda ke son sanin inda ruwa ya yanke, ya zo tasha da asuba ya tambayi wanda ya shigo da dare.

Mai Gyaran Rediyo (Garwa) ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na karanta kowane saƙo sau biyu.

Malam Tsohon Wakili, ka sa na sauke wani ɓangare na fushina daga kan yaran da ke yawo da rikoda. Ban san daga aljihunsu suke zuwa ba. Na tuna lokacin Ahmed Abba sarai, a rumfata mutane suka riƙa taruwa suna tambaya ko an sake shi. Amma maganar editan nan da ya ce a jira a mutu, ita ba zan iya haɗiye ta ba. Tsoro uzuri ne a kan labarin hari. Wane tsoro ne ke hana a faɗi sunan makarantar da aka tsugunar da mutane? Wa za a ɗaure don ya ce hanya ta yanke a wuri kaza?

Hajiya, maganarki ta taɓa ni, kuma Allah ya raya tagwaye. Sai dai ban yarda cewa mutanenmu ba sa son labarin kirki ba. Ina gani da idona. A rumfata ana hira ana shewa, amma da zarar an fara sanarwar rasuwa, ko farashin buhun masara da na albasa, ko aka ambaci sunan wani ƙauye da mutum ya sani, sai ka ji tsit, har a ce wa yaro ya ƙara murya. Dattijo ya zo daga ƙauye da tsohuwar rediyo a ɗaure da roba, ya biya gyara da kuɗin da zai ci abinci, ba don ya ji wa ya zagi koci ba. Abin da na lura shi ne, in an zo labarinmu sai a yi shi a bushe, da harshen ofis, "ana ɗaukar matakai". In an zo ƙwallo kuwa sai a sa gwaninta, a kawo tarihi, a kira masu sauraro, a yi gardama. Da za a yi wa madatsar Maga rabin wannan hidima, a kawo injiniya da manomi da lawani a zaunar da su awa ɗaya da Fulatanci ko Hausa, a buɗe waya, na rantse layin ba zai huta ba. Ma'aikaciyar asibitin nan taku kada ta karaya, ki ce mata ta sake turawa.

Ɗana na Njamena, na karɓi gyaranka a kan ƙwallo, kuma na karɓi tayinka da hannu biyu. Ka fara da gundumar Mayo Danai, inda Yagwa take, da gundumar Logon-da-Shari, inda Kusiri take. Ka faɗi sunayen wurare a hankali, ka maimaita lambobi sau biyu, domin tsofaffi ne za su ji. Ni kuma zan zuba shi a memori, duk rediyon da ta zo gyara mai ramin memori zan kunna wa mai ita, zan kuma kai wa shugaban tasha ya sa a lasifika da safe. Direba, in ka shigo Garwa ka tambayi layin masu gyaran rediyo, ina so duk fitowa ka bar mini labarin hanya.

Ƙanwata sun koma gidan, sun sake tayar da katangar da laka domin kuɗin siminti bai samu ba. Jiya ta ce mini ruwan kogi ya fara taɓa tushen bishiyar da suke auna shi da ita. Na gyara mata wata ƙaramar rediyo mai sola, na canza eriya da sifika, motar Yagwa kuma ran Asabar take tashi. Ɗana, in saƙonka na farko zai iso kafin daren Juma'a, sai in saka shi a ciki ya tafi tare.